Ta Biyu

Shekara saba'in da ɗaya ina shaƙar iskar Alabama,
sai bana hukuma ta ce in kawo shaidar an haife ni.
Lasisin tuƙi ya mutu, sabo ba ya fita
sai da takarda mai hatimi.

Jikana Dorrell ya sauke ni a Camden,
ƙofar ofishin lafiya na gunduma,
ya ce bari ya sha mai ya dawo.
Na shiga da sandata
da dala goma sha biyar ƙulle a bakin hankici.

Lamba ashirin da uku.
Kujerun roba, sanyin na'ura mai ratsa ƙashi.
Wata yarinya ta kawo jaririnta rigakafi,
yana ta harbin iska, bai san me ke jiransa ba.

Fom ya tambayi uba: Ezell Tarver.
Uwa kafin aure: Ozella Mims.
Wurin haihuwa, nan biro ya tsaya.
Ɗakin katako ne a gefen gonar auduga,
guguwa ta yi gaba da shi tun ina goyon fari.
Yaya ake rubuta wurin da babu shi?
Na sa sunan gunduma, na miƙa.

Ma'aikaciyar, Renita aka liƙa mata a ƙirji,
ta danna kwamfuta, ta gyara tabarau.
"Luvenia?"
Ni ce.
"Sha huɗu ga Maris?"
Haka Mama ta rubuta a bangon Littafi Mai Tsarki.
Inji ya yi tari, ya tofo takarda.

A tsaye na karanta, leɓena na motsi.
Ga sunan ungozoma, Callie Boykin,
mai ba mu alewa in an tashi coci,
mai kallona ta daɗe kafin ta sakar min hannu.
Can ƙasa wani ɗan gurbi, bai kai ƙwayar wake ba:
Haihuwa, tagwaye.
Wannan, ta biyu.

Na ce, 'yar nan, injinku ya yi tuntuɓe.
Mu tara ne, ni ce babba.
Ni na goya takwas, na yi musu kitso da wanka,
na binne biyar da hannuna.
Ba ta yi musu ba. Ta koma ga allo,
ta rage murya kamar mai gaisuwar rashi:
"Akwai lamba kafin taki.
Rana ɗaya, uwa ɗaya. Mace.
Gurbin suna babu kome."

Sai na zauna.

Kowace Lahadi, a bayan coci, gindin wani itacen al'ul,
tsakuwa takan shiga takalmin Mama.
Takan ce mu yi gaba.
Shekara arba'in, wuri ɗaya, takalmi kala-kala,
ban taɓa tambayar tsakuwar nan ba.
Marigayi Hosea kuwa har ya koma ga Mahalicci
yana min tsiya:
gado mai faɗi, ke kullum a baki,
wa kike bar wa wuri?

Jaririn ya callara ƙara a ɗakin allura.
Aka kira ashirin da huɗu, aka kira da biyar.

Na koma taga na ce ina son tata ita ma.
Wani fom ne, in ji Renita, da wani kuɗin.
Hankicina ya riga ya zama fanko.
A waje Dorrell na danna ham, rediyo na tashi.
Na leƙa na ce, kai, kashe motar nan,
ara min sha biyar, kada ka tambaye ni.

Sunan mai takarda, na bar shi fari
yadda suka bar shi.
Dangantakarki da ita?
Hannuna ya yi rawa, ba na tsufa ba.
Kalmar da ban taɓa sawa a jikina ba,
na rubuta ta a hankali, baƙi bayan baƙi:

ƙanwa.